Keke ya samu, saura ƙofa

Duk wanda ya san titunan Kano ya san keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake murzawa da hannu. Da yawansu masu lalurar ne da kansu ke ƙera su: a yanka bututun ƙarfe, a yi walda, a ɗora tayoyin keke da sarƙa, a mayar da feda saitin ƙirji. Haka ake yi a Jos, a cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ta taɓa tun yana yaro. Da wannan keke yara ke zuwa makaranta, magidanta ke fita kasuwa, ba sai an goya kowa ba.

Sai dai keken titi ne. Yana da tsawo, ba ya juyawa a ɗaki, kuma da ya iso ƙofar gida aikinsa ya ƙare. Nan za ka ga mutum ya sauko a zaure, ya zura silifa a tafin hannu, ya ƙarasa ciki da rarrafe. Dokin ƙofar da aka ɗaga saboda ruwan damina ya tare shi, kwata ta ratsa tsakar gida, ƙofar banɗaki siririya, masai kuma na tsugunno. Babban mutum mai iyali, amma sai ya jira wani ya ɗaga shi kafin ya kama ruwa. Wannan jiran ya fi ciwon ƙafar cin rai, musamman ga mata, waɗanda kunya ke sa su daure har su rage shan ruwa.

Gyaran kuwa sanannen abu ne a wurin masana gini. Gangarar da mai keke zai hau shi kaɗai, ƙa'idarta ita ce duk tudun santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Ke nan dandamali mai tudun santimita 30 yana buƙatar gangara ta mita 3.6. Wadda ta fi haka tsayuwa, irin da ake liƙawa a gaban wasu gine-gine don a ce an yi, tana iya kifar da mutum ta baya. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90, banɗaki ya samu filin juyawa na kusan mita ɗaya da rabi, a sa masai na zama da ƙarfen dafawa a bango, a sauko da makunnin wuta da famfo inda hannun mai zaune zai kai. Keken cikin gida kuma ya zama daidai jikin mai shi, da matashi mai kyau, domin dogon zama a kan abu mai tauri yana buɗe gyambo mai wuyar warkewa.

Doka ma tana nan. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a da motocin haya shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yau matakala ce ke tarbar mutane a asibitoci da makarantu da masallatai da dama.

An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, ga kuma masu haɗarin mota da shanyewar ɓarin jiki da tsofaffi. Saboda haka mai shirin gini ya yi wa birkila maganar gangara da faɗin ƙofa tun ana haƙa harsashi, domin a lokacin ɗan ƙarin siminti ne kawai, bayan an gama kuwa sai an fasa bango.