Sassaƙen Madaci da Marke

Idan ka shiga kasuwar Dapchi, Nguru ko Gashuwa, za ka tarar da masu magani sun baza sassaƙen madaci da marke da bagaruwa. Baurin da kake ji a jiƙonsu na sinadarin tanin ne. Kamar yadda iska ke sa ƙarfe tsatsa, haka wasu sinadarai ke cin ƙwayoyin jikinka. Binciken ɗakin gwaji ya nuna tanin da danginsa suna dakushe kaifinsu. Sai dai yawan sha yakan wahalar da hanta da ƙoda, don haka ka nemi shawarar likita. Kada kuma ka sassaƙe itace a kewaye, domin ta ɓawo abinci ke sauka zuwa saiwa. In ka yanke hanyar, itacen zai mutu, hamada ta matso.