Yaƙin Alƙalami A Kan Baftisma A Ƙasar Turai

A cikin watan Janairu na 1525, waɗansu samari a birnin Zurik ta ƙasar Suwizalan suka taru a wani gida da dare, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, alhali kuwa an riga an yi masa tun yana jariri. Hujjarsu ita ce, jariri bai san bangaskiya ba, saboda haka wankan da aka yi masa ba baftisma ba ne. Abokan hamayya suka laƙaba musu suna Anabaftis, watau masu sake baftisma.

Abin mamaki, wanda ya fara fito musu da alƙalami malaminsu ne, Ulrich Zwingli, wanda shi kansa ya bijire wa Paparoma. A watan Mayu na wannan shekara ya buga littafi da Jamusanci a kan baftisma. Ya kafa hujja da kaciya: tun da Annabi Ibrahim ya yi wa 'ya'yan gidansa kaciya suna ƙanana don alamar alkawari, to, me zai hana a sa wa ɗan Kirista alamar nan? Balthasar Hubmaier ya mayar masa da martani da nasa littafin, yana cewa a nuna masa aya guda inda aka umarci a yi wa jariri baftisma.

Gardamar ba ta tsaya a takarda ba. Majalisar Zurik ta kafa dokar kisa a 1526, aka kuma nutsar da Felix Manz a kogin Limmat a Janairun 1527.

Hujjar Martin Luther, cikin wasiƙar da ya buga a 1528 zuwa ga fastoci biyu, ta fi ta Zwingli kaifi. Ya ce bangaskiyar ɗan Adam tana hawa tana sauka. In baftisma ta dogara gare ta, sai mutum ya sake wanka duk ran da shakka ta shige shi. A cikin wasiƙar ya nuna baƙin cikinsa da kashe mutanen nan da ake yi. Amma a 1531 ya sa hannu a shawarar Philip Melanchthon wadda ta yarda da hukuncin kisa. A nan kam sai a ce malamin ya ci amanar alƙalaminsa.

Ba batun ruwa kaɗai ya tayar da hankalin hukuma ba. Sharuɗɗa bakwai da Anabaftis suka tsara a Schleitheim a 1527 sun hana Kirista rantsuwa da ɗaukar takobi da riƙon sarauta. Zwingli ya kwafe sharuɗɗan cikin littafinsa na Latin don ya rushe su, John Calvin ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Faransanci a 1544. Ta haka mutanen da ba su taɓa ganin Anabaftis ba suka karanta koyarwarsu daga hannun maƙiyansu.

Sai a 2010, a birnin Stuttgart, Tarayyar Ikilisiyoyin Lutheran ta Duniya ta nemi gafarar Mennonite, magadan waɗancan mutane.