Kafin A Shiga Ɗakin Tiyata: Yadda Likita Ke Zaɓen Gwaje-gwaje

A ranar 16 ga Oktoba, 1846, William Morton ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa ana iya shaƙa wa mutum wani sinadari, ya yi barci, a yi masa fiɗa bai ji zafi ba. Wannan babbar ni'ima ce, amma tana da nata haɗari, domin maganin barci yakan rage ƙarfin numfashi, ya kuma saukar da ƙarfin bugun jini. Saboda haka ne likitoci ke auna lafiyar majiyyaci tun kafin ranar tiyata.

Tambaya da duba jiki

Matakin farko ba ɗibar jini ba ne, tambaya ce. Likita zai so ya san ko akwai hawan jini, ciwon suga, asma ko farfaɗiya. Ko mutum yana hawa bene ba tare da haki ba. Ko an taɓa sa shi barci, da yadda ya farka. Zai tambayi magungunan da ake sha, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, domin wasunsu kan hana jini daskarewa ko su wahalar da hanta da ƙoda. Ɓoye irin wannan bayani cutar da kai ne.

Daga nan sai a saurari zuciya da huhu, a sa majiyyaci ya buɗe baki ya fito da harshe. Gwargwadon yadda ake hango belinsa, likita kan ƙiyasta sauƙi ko wahalar zura bututun numfashi a maƙogwaro. Mallampati da abokan aikinsa suka bayyana wannan dabara a 1985. Akwai kuma tsarin ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka, wanda ya samo asali a 1941: aji na ɗaya lafiyayye ne, na biyar kuwa shi ne wanda ba a sa ran zai rayu idan ba a yi aikin ba.

Me ya hana a gwada kome?

Mai karatu zai iya cewa yawan gwaji ai ƙarin tsaro ne. Lissafi bai goyi bayan haka ba. A gwaje-gwajen jini da yawa, an tsara iyakar "daidai" ne ta yadda za ta ƙunshi mutum 95 cikin lafiyayyu 100. Idan aka yi wa lafiyayye gwaji 20 waɗanda ba su da alaƙa da juna, yiwuwar ɗaya ya fito a karkace ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Abin da ke biyo baya shi ne fargaba, ɗage aiki da asarar kuɗi.

Don haka gwaji mai amfani shi ne wanda sakamakonsa zai canza abin da likita zai yi. Saurayi lafiyayye da za a yi wa ƙaramin aikin ƙaba ba ya bukatar hoton ƙirji. Dattijo mai hawan jini da zai shiga babban aiki kuwa yana bukatar awon zuciya da gwajin ƙoda. Inda ake tsammanin zubar jini, dole a san yawan jinin majiyyaci da rukuninsa, a tanadi wanda za a ƙara masa. Mace mai shekarun haihuwa kuma a tabbatar ko tana da juna biyu.

A ƙasashenmu gwajin sikila yana da muhimmanci na musamman. Ƙarancin iskar oksijin, sanyi da ƙishirwa kan lanƙwashe jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Idan an sani tun da wuri, sai a shirya ruwa, ɗumi da iska isasshe.

Kammalawa

Akan kuma hana cin abinci na sa'a shida, da shan ruwa na sa'a biyu kafin aiki, don kada abin da ke ciki ya taso ya shiga huhu. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya wayar da kan na gida: a gaya wa likita gaskiya, a bi umarninsa, kuma kada a auna ƙwarewarsa da yawan takardun gwajin da ya rubuta.