Gajiyar da Hutu Ba Ya Maganinta: Halin Ɗan Ci-rani a Sabha

A unguwar Sukra ta birnin Sabha, kamar sauran unguwannin wannan babban gari na yankin Fezzan, jikin ɗan ci-rani shi ne jarinsa. Wanda ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Katsina, ya ratsa Agadas da Dirku da Gatrun, ƙarfinsa ya kawo kasuwa: kwaɓa siminti, ɗaukar bulo, ban-ruwa a gona. Ranar da jiki ya ƙi, a ranar tukunya ke sauka a nan da can gida.

Idan lebura ya faɗo daga gini ya karye, kowa ya gani, nan da nan 'yan ɗaki su haɗa masa kuɗi. Amma akwai ciwon da ba rauni ba kumburi. Mutum ya yi zazzaɓi ya warke, ƙarfi kuwa ya ƙi dawowa. Ya kwana yana barci, ya tashi kamar wanda aka yi wa dukan tsiya. Ya daure ya yi aikin rabin yini, ya kwanta kwana uku. Sai ka ji ana cewa: "Kai malam, tashi, lalaci ne," wani kuma ya ce sammu ne.

Likitoci na kiransa ciwon gajiya mai ɗorewa, kuma tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa. Wani kwamitin masana a Amurka ya fayyace alamominsa a 2015: gazawar da ta wuce wata 6, rikicewar jiki bayan ɗan ƙaramin aiki, barcin da ba ya wartsakarwa, sannan rikicewar tunani ko jiri idan an miƙe tsaye. Babu gwajin jinin da ke nuna shi. Sai an kawar da zargin ƙarancin jini, tarin fuka, ciwon hanta da ciwon suga kafin likita ya ambace shi. Yakan biyo bayan cutar da ƙwayar bairos ke kawowa, ga shi kuma korona ta yi wa Sabha mugun kamu a tsakiyar 2020.

Ko a ƙasashen da ke biyan kuɗin naƙasa, mai wannan ciwo yana shan wuya kafin a yarda da shi. A 2014 hukumar fanshon Amurka ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan yadda za a auna shi, kuma ginshiƙinta bayanan likita ne na wata da watanni. Takarda ce ke magana a madadin jikin da ba ya nuna komai.

Bayan katangar rashin yarda, a nan ne katanga ta biyu take. Libiya na da dokar fansho mai lamba 13 ta 1980, wadda ta tanadi kuɗin naƙasa ga ma'aikacin da ke da rajista ana cire masa wani abu daga albashi. Tallafin gajiyayyu kuwa na 'yan ƙasa ne masu lambar shaida. Leburan da ake ɗauka da safe a sallame shi da yamma ba ya cikin ko ɗaya. Ga kuma doka ta 19 ta 2010, wadda ta tanadi hukunci kan shiga ƙasa ba takardu, har wasu ke tsoron zuwa asibiti. Nijar da Libiya sun sa hannu kan yarjejeniyar ma'aikata a 2021, sai dai talakan da ya shigo ta hamada bai gani a ƙasa ba. Idan ya koma gida ma, fanshon naƙasa na masu aikin albashi ne.

Abin da ya rage masa zumunci ne, shi kuwa zumunci sai da yarda. Don haka shugabannin Hausawa a Sabha su sa irin wannan mara lafiya cikin waɗanda ake yi wa karo-karo, a kai shi a gwada shi, a adana kowace takardar likita, in ta kama a haɗa masa kuɗin mota zuwa gida. Kada a tilasta masa aiki wai don jiki ya saki. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar ƙara wa masu wannan ciwo motsa jiki mataki-mataki.

Ɗan'uwa, wanda ya keta Sahara don neman halalinsa ba rago ba ne. In ya ce ya gaji, a yarda da shi.