Ranar Laraba: Daga Zauren Ƙofar Doka Zuwa Birnin Seoul



Duk wanda ya tashi a birnin Zazzau tun mazan jiya na da sauran ƙarfi, ba zai rasa tuna wani dattijo ba daga cikin waɗanda aka kai yaƙin Bama, wanda idan an idar da La'asar yakan shimfiɗa buzu a zaure wajen Ƙofar Doka, mu yara mu kewaye shi, ya yi ta ba mu labarin ƙungurmin daji da sojan Japan har ladan ya kira Magariba. Sunan Chindit da barikin Zariya ke amsawa can ya samo asali, domin a 1944 bataliyoyin Nijeriya sun yi yaƙi cikin rundunar Chindit a arewacin Bama. Amma akwai babin da ban taɓa ji a zaure ba, sai a takarda.

A watan Agusta na 1944, bayan faɗuwar garin Myitkyina, dakarun ƙawance suka kama 'yan matan Koriya ashirin, aka kai su Ledo a Indiya, jami'an Amurka suka rubuta bayaninsu a rahoto mai lamba 49. An yaudare su a 1942 da alkawarin aikin asibiti, aka ɗaure su da bashin da aka ba iyayensu, sai ga su a gidajen da rundunar Japan ta tanada domin sha'awar sojojinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jadawalin da ke cikin rahoton: Litinin ta mahaya dawaki, Talata ta injiniyoyi, Juma'a ta 'yan igwa, Laraba kuwa hutu da duban likita. Jadawali, jama'a, kamar na makaranta! Kuma wai sunansu matan kwantar da hankali.

Shekara 46 bayan yaƙin, ranar 14 ga Agusta 1991, wata tsohuwa mai suna Kim Hak-sun, wadda ita ma aka yi wa irin wannan, ta ajiye kunyar da ba tata ba, ta tsaya gaban 'yan jarida a Seoul ta ba da shaida da sunanta. Daga 8 ga Janairu 1992 aka fara taruwa ƙofar ofishin jakadancin Japan kowace Laraba. Laraba dai.

Japan ta amsa hannun sojojinta a bayanin jami'in gwamnatinta Yohei Kono na 1993, a 1995 kuma aka kafa asusun da ya riƙa ba kowace mace yen miliyan 2. Sai dai da yawansu suka ƙi karɓa, saboda kuɗin gudummawar jama'a ne, ba na baitulmalin hukuma ba, kuma almajirin da ya karanta fiƙihu a kowace tsangaya ta birnin nan ya san tazarar da ke tsakanin sadaka da diyya, wadda ba ta wajaba sai alhaki ya tabbata. Kim Hak-sun ta rasu a 1997, ƙarar da ta shigar a Tokyo ba a yanke ba.

Ana yi mini alamar lokaci ya ƙure. Yarjejeniyar 2015 ta yen biliyan 1 tsakanin Japan da Koriya, wadda tsofaffin suka ce an ƙulla ba da shawararsu ba, sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.