Lissafin Shimfiɗa Wayoyi A Ƙwaƙwalwar Na'ura: Kasuwar Da Kamfanoni Uku Suka Mamaye

Kowace kwamfuta ko wayar salula da ke kasuwa tana ɗauke da wata 'yar ƙwayar silikon da ba ta wuce girman farce ba, wadda ita ce ƙwaƙwalwarta. Wadda kamfanin Apple ya fitar a 2020, mai suna M1, tana ƙunshe da taransista biliyan 16, wato ƙananan makunnan lantarki. Dole ne a sada su da siraran wayoyin ƙarfe ba tare da wata ta taɓa wata ba, aikin da ya fi ƙarfin hannun ɗan'adam. Manhajar kwamfuta ce ke zana hanyoyin.

Tushen wannan lissafi shi ne dabarar da C. Y. Lee na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya wallafa a 1961. Ana yanka filin ƙwayar gida-gida kamar allon dara. Daga inda waya za ta tashi, sai a bai wa gidajen da ke maƙwabtaka lamba 1, na gaba da su 2, ana kewaye duk gidan da aka riga aka cike, har a isa masauki. Daga nan a biyo lambobin da baya. Muddin akwai hanya, dabarar za ta gano mafi gajarta, sai dai tana cin lokaci.

Idan waya guda za ta haɗa wurare da yawa, aikin ya ƙara wuya, domin wayoyin a miƙe suke tafiya, a tsaye ko a kwance. A 1966 Maurice Hanan ya nuna cewa idan aka ja layi a tsaye da a kwance ta kan kowane wuri, ba sai an nemi mahaɗa a ko'ina ba illa inda layukan suka gitta juna.

Ga masu masana'antu, wannan batu ne na kuɗi. Doguwar waya tana jinkirta saƙo, tana kuma shan lantarki. In hanyoyi suka cunkushe, sai a ƙara hawa na wayoyi, kuma kowane hawa ƙarin kuɗin ƙira ne da ke komawa kan mai saye.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar wannan manhaja: Synopsys da Cadence na Amurka, da Siemens na Jamus, wanda ya sayi Mentor Graphics a 2017 kan kimanin dala biliyan 4.5. A watan Mayun 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita sayar wa ƙasar Sin manhajar, sannan ta janye matakin a watan Yuli bayan tattaunawar cinikayya tsakanin ƙasashen biyu. Tunda Sin na kan gaba wajen samar da kayan lantarkin da ake shigowa da su Nijeriya, ya kamata 'yan kasuwa su riƙa sa ido kan irin wannan taƙaddama.