Hanyoyin Kiyaye Bayanan Salsala da Aka Adana a Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Salsala ita ce jerin iyaye da kakanni wanda ke nuna asalin mutum da dangantakarsa da sauran zuriya. A da, a kawunan dattawa da bakin maroƙa da takardun malamai ake samun ta. A yau kuwa masu bincike da yawa sukan zuba ta cikin manhajojin kwamfuta, irin su Gramps da RootsMagic da Family Tree Maker. Sai dai abin da aka kwashe shekaru ana tarawa yana iya salwanta cikin dare ɗaya, ga shi kuma dattijon da ya ba da labarin wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da irin wannan asara take aukuwa, da yadda ake yi mata rigakafi.

2.0 Hanyoyin Salwanta

Hanya ta farko ita ce lalacewar na'ura ko kuskuren mai aiki da ita. Faifan ajiya yakan mutu, wani lokaci ba tare da wata alama ba. Haka nan mai bincike yana iya haɗe mutum biyu masu suna ɗaya bisa kuskure, ya rikita reshe guda na zuriya.

Hanya ta biyu ita ce bala'in da kan auka wa wurin ajiya, kamar gobara ko ambaliya ko sata. Alal misali, a shekarar 1922, lokacin yaƙin basasar ƙasar Ailan, wuta ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati da ke birnin Dublin. Akasarin takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851 sun ƙone, domin wuri ɗaya aka tara su.

Hanya ta uku ita ce mutuwar manhajar kanta. Kowace manhaja tana da nata tsarin fayil, wanda sau da yawa wata ba ta iya karantawa. Manhajar Personal Ancestral File, wadda ta fito a 1984, masu ita sun daina kula da ita a 2013. Family Tree Maker ma kamfanin Ancestry ya ba da sanarwar dakatar da ita a ƙarshen 2015, kafin wani kamfani ya saye ta a 2016.

3.0 Rigakafi

3.1 Yawan kwafi da wurin ajiya. Ƙa'idar da masana suka fi yin nuni da ita ita ce ta 3-2-1. Wato a mallaki kwafi 3, a kan ma'adanai iri 2, sa'an nan kwafi 1 ya kasance nesa da gida. Misali, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan tafi-da-gidanka, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet ko a hannun ɗan'uwa a wani gari. Kwafi biyu a kan faifai guda tamkar hatsi ne da iri a rumbu ɗaya: in ya kama wuta, babu na ci babu na shuka.

3.2 Tsarin fayil. Ban da kwafin da manhaja take yi da nata tsari, ya kamata a riƙa fitar da bayanan cikin tsarin GEDCOM, wanda cocin Momon na Amurka ya ƙirƙiro a 1984. Zallar rubutu ne, kuma kusan duk manhajojin salsala suna karanta shi. Amma akwai abubuwa biyu na lura. Na farko, tsohon GEDCOM ba ya ɗauke da hotuna ko muryoyin da aka naɗa, sai dai ya ambaci inda suke a kwamfuta. Saboda haka dole a kwafe su daban. Sabon tsari na 7.0, wanda ya fito a 2021, shi ya zo da hanyar ƙunshe su tare. Na biyu ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye: in ba a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 ba wajen fitarwa, haruffa masu ƙugiya suna iya rikiɗewa, sunaye irin su Ɗanladi da Ɓaidu da Ƙaura su koma alamomi marasa ma'ana.

3.3 Kwanan wata. Kada sabon kwafi ya riƙa shafe tsoho. A sa wa kowanne kwanan watan da aka yi shi, domin kuskuren da aka tafka yau mai yiwuwa ne sai bayan watanni a gano shi. A nan ne ma'ajiyar intanet mai daidaita fayil da kanta take da rauni, don kuwa tana kwafe ɓarna kamar yadda take kwafe gyara. Bugu da ƙari, a rufe manhaja kafin a kwafi fayil ɗinta, gudun ɗaukar sa yana rabi-da-rabi.

3.4 Gwaji. Lokaci-lokaci a buɗe kwafin a wata kwamfuta, a duba ko adadin mutanen ya cika, hotuna kuma suna fitowa. A kuma buga muhimman rassa a takarda, tunda ita ba ta bukatar lantarki.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa kwafi ba ya zama abin dogaro sai ya cika sharuɗɗa uku: yana wani wuri dabam, yana cikin tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, an kuma gwada shi an ga yana buɗuwa. Ya dace kuma wani amintacce cikin dangi ya san inda yake da kalmar sirrin buɗe shi, domin salsala amanar zuriya ce, mai tara ta kuwa ba dawwama zai yi ba. Masu iya magana dai sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.